Wai fim ɗin Shaihu Umar yana nan kuwa?

Tambaya: Malam barka da aiki, baban mu kullum sai ya ba mu labarin fim ɗin Shaihu Umar, wai da gaske ya ɓata ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ai ƙanena Baba bai yi ƙarya ba, fim ɗin ya yi ɓatan dabo shekara da shekaru. Adamu Halilu ne ya ba da umarni a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka raba da uwarsa zamanin cinikin bayi har ya keta Sahara ya dawo babban malami, ita kuma uwar ta bi sawunsa tana nema, wallahi wajen nan sai mai taurin zuciya. A 2016 aka tsinto faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Najeriya, wata cibiyar fina-finai ta Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi aka haska a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Amma fa a hankali yake tafiya, in ka saba da rawa da waƙar Kannywood sai ka yi haƙuri. Ka gaida Baba.