Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Faransa ce ke turo mana 'yan ta'adda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwar dabbobi ne daga Azare, ina zuwa Maigatari sarin shanu da tumaki, kuma tun da aka yi juyin mulkin Nijar ɗin nan abubuwa basu koma daidai ba. A majalisarmu kullum musu ake, wasu sunce Faransa ce take ɗaukar nauyin 'yan ta'adda kuma gwamnatinmu ta sani, wasu sunce ƙarya ce sojojin Nijar ne ke neman wanda zasu ɗorawa laifi. Dan Allah Malam wanne ne gaskiya, kuma mu nan Bauchi da bamu da boda da Nijar meye namu a ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Bari in fara da ƙarshen tambayarka dan ita tafi sauƙi. Eh Bauchi bata da boda da Nijar, jihohi bakwai ne suke da ita, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, iyakar kuma ta kai kusan kilomita 1,500. Amma kai da kanka ka sani daga Azare ko Gamawa awa nawa ne ka shiga Jigawa ko Yobe, toh hanyar da saniya take bi ta iso maka ita ce bindiga zata bi in babu mai tsaronta, babu wani shinge da aka yiwa Bauchi na daban.

Maganar Faransa kuwa, ba daga majalisarku ta fara ba. Janar Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, ne da kansa a watan Disamba 2024 ya yi hira da Hausa yace Faransa na haɗa baki da 'yan ta'adda dan a hargitsa Nijar kuma wai hukumomin Najeriya sun sani, su kuma su Nuhu Ribadu da ministan harkokin waje na lokacin Yusuf Tuggar, ɗan jihar nan tamu, suka fito suka ƙaryata. Ni dai har yau ban ga an ajiye hujja a gaban jama'a ba wadda mutum zai riƙe yace ga ta, zargi ne, kuma zargi komai daɗinsa a kunne ba shaida bane. Amma fa bance Faransa wankakkiya bace. Shekara da shekaru kamfaninta yana haƙar yuraniyom a Arlit talakan Nijar yana kwana a duhu, kuma ita ce kan gaba a yaƙin da aka kifar da Gaddafi a 2011, wanda bayan nan ne rumbunan makaman Libya suka fashe suka bazu cikin Sahel, Mali ta fara kamawa da wuta a 2012 abin ya dinga gangarowa. Kaga wanda yaga wannan da idonsa in akace masa Faransa ce ba zai tsaya neman takarda ba. Ina fahimtar fushin, sai dai cewa siyasar ƙasa ta jawo ɓarna daban, cewa ta ɗauki kuɗi ta miƙawa ɗan ta'adda daban.

Abinda yake damuna da wannan musun shine yana sa mu manta namu. Alhaji mu 'yan Bauchi bai kamata a bamu labarin inda tarzomar Boko Haram ta 2009 ta fara ba, ranar 26 ga Yuli 2009 a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi ne cikin garin nan, kafin abin ya tsallaka Potiskum da Wudil da Maiduguri inda aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda bayan kwana huɗu. A Satumba 2010 aka fasa gidan yarin Bauchi fursunoni sama da 700 suka fita. Waɗanda suka yi wannan ba daga Faris aka sauko dasu ba, yaranmu ne, a unguwanninmu suka tashi, wasu an san iyayensu, anji wa'azinsu a kaset shekaru ana cewa ai yara ne zasu gaji su daina. Maƙwabtanmu na Gombe suma sun sha nasu, tashar Dukku a Disamba 2014, harin kamfanin siminti na Ashaka, babbar kasuwa a Yuli 2015 ana jajiberin sallah mutane na siyayya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuma namu bangon mun san inda ya tsage, rashin aikin yi, makarantun da suka lalace, alƙalancin da talaka baya samu, da jami'in da za'a bashi na goro a shingen hanya ya ɗaga hannu mota ta wuce ba tare da ya leƙa ba.

Toh a ina harkar ƙasashen waje ta shigo? A wajen maƙwabci. Ka tuna farkon 2015 lokacin da garuruwa da dama na Borno suke hannun Boko Haram, sojojin Chadi ne suka shigo ta Gamboru har Dikwa, su da na Nijar suka ƙwato Damasak, a shekarar ne kuma aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi mai hedikwata a Njamena. Dalilin rundunar ɗaya ne, in ka kori ɗan ta'adda daga Borno kada ya tsallaka Diffa ya huta ya dawo. Sai aka zo 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Bazoum, ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta ba da wa'adin mako guda tana barazanar yaƙi, aka rufe boda aka yanke wutar lantarki. A ganina nan aka yi gaggawa, kuma ba ni kaɗai nake ganin haka ba, sanatocin arewa sunƙi yarda da maganar yaƙi, malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka tashi takanas har Yamai. Wanda ya sha wahalar takunkumin ba janar bane, mai albasa ne da mai shanu irinka da mara lafiyar da aka ɗauke wuta yana kwance a asibiti. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 amma zuciya ta riga ta ɓaci, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairu 2025, a Maris kuma Nijar tace ta janye daga rundunar tafkin Chadi. A tsakanin nan ne sunan 'yan ta'addan Lakurawa ya cika gari a Sakkwato da Kebbi, duk da mutanen yankin sunce sun daɗe da saninsu.

Su ma sojojin Nijar ban wanke su ba fa. Sun kori sojojin Faransa a ƙarshen 2023, Amurka ta kwashe nata daga Agadez a 2024, aka kawo 'yan Rasha, amma har gobe ana kashe mutane a Tillaberi. Dan haka in ka koma majalisa kace musu kowa yana da rabin gaskiya, kuma ni abinda nake so in gani shine sojan Najeriya da na Nijar suna ɗaga wayar juna ko da shugabanninsu basa ga maciji, dan ziyarar da Tuggar ya kai Yamai a Afrilu 2025 tafi min jawabi goma na martani.

TAMBAYA: Malam ina wuni, daga Tudun Wadan Gombe nake rubutowa, ni malamar makaranta ce. Me yasa baza'a kira Amurka kawai ta gama mana da su ba tunda tana da kayan aiki?

AMSA: Lafiya lau Malama, ya ɗalibai. Kayan aiki kam akwai, kuma mun siya, jiragen Super Tucano 12 da suka iso a 2021 kuɗi muka biya ba kyauta bane, kafin nan a 2014 Amurkan ce ta hana a sayar mana da jiragen Cobra saboda zargin take haƙƙin ɗan adam da ake yiwa sojojinmu. Kinga ko ciniki da sharaɗi suke yi. Sannan ki duba Afganistan, shekara 20 suka yi a can daga 2001 zuwa 2021, da suka tashi tafiya Taliban ɗin da suka kora ita suka barwa Kabul. Jirgi yana iya rusa sansani a daji, amma ba zai gaya miki waye yake kaiwa 'yan bindiga fetur da burodi da katin waya a dazukan Alkaleri ba, wannan sai mai unguwa da maharba da matar da taga baƙuwar fuska a bakin rijiya, su kuma basa magana sai sun tabbata sunansu ba zai koma kunnen ɓarayin ba kafin magariba. A karɓi horo da bayanan tauraron ɗan adam daga duk wanda zai bayar, amma a kawo yarjejeniyar gaban majalisa a karanta kowa yaji me aka basu a madadi.

Sauran tambayoyin da suka shigo kan 'yan sandan jihohi sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.