Kifayena masu ƙyalli suna cizon juna: da wa da wa za su iya zama tanki ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Makonni uku da suka wuce na sayi tankin gilashi mai tsawon santimita 60, yana cin ruwa kamar lita 60. Na zuba kifayen nan masu ƙyalli da ake kira GloFish: bab guda uku, tetira biyu, shak biyu, sai na ƙara da beta namiji ɗaya mai doguwar jela. Wanda ya sayar mini ya ce duk dangi ɗaya ne, launi ne kawai ya bambanta su. Yanzu jelar betan ta yayyage, shak ɗaya ya ɓuya bayan matatar ruwa ya daina cin abinci, kuma bab ɗaya ba ya barin kowa ya huta. Shin sinadarin da aka sa musu ne yake sa su masifa? In raba su launi-launi? Kuma wane kifi ne zai iya zama da su lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, ka fitar da betan nan yau, kada ka bari ya sake kwana a ciki. Ko robar da ba a taɓa wanke ta da sabulu ba ta ishe shi na 'yan kwanaki, muddin ka cika ta da ruwan tankin da ya saba da shi, ka kuma rufe samanta da abin da iska ke ratsawa, domin beta yana tsalle. Jelar da aka yage tana sake tsirowa cikin makonni idan ruwa na da tsabta. Abin tsoro shi ne a ci gaba da cizon har ciwon ya kama ruɓewa. In ka ga bakin jelar ya yi fari-fari kamar auduga ko ya yi baƙi yana zaizayewa, to ruɓa ta shiga, sai magani. In ba haka ba, canjin ruwa akai-akai shi ne maganinsa. Mazauninsa na dindindin kuwa kada ya gaza lita 20, shi kaɗai, da ɗumin ruwa tsakanin digiri 25 zuwa 27.

Batun sinadari kuma, ka kwantar da hankalinka. Ba fenti aka shafa wa waɗannan kifaye ba, ba kuma allura aka yi musu ba. Akwai wasu kifayen da ake yi wa allurar rini, wannan zalunci ne kuma launin yana kodewa, amma GloFish ba su ne ba. Asalin aikin ya fito daga Jami'ar Ƙasa ta Singafo a 1999, inda Zhiyuan Gong da abokan aikinsa suka ɗauko ƙwayar gadon da ke sa wata halittar teku mai suna jelifish yin koren haske, suka dasa ta a ƙwan ƙaramin kifin daniyo. Niyyarsu ita ce su samar da kifin da zai nuna gurɓatar ruwa. Daga baya aka samo ja daga murjanin teku, kuma wani kamfani da ke Austin a jihar Texas ta Amurka ya fara kai su kasuwa a ƙarshen 2003. Launin a jini yake, uwa da uba suna gadar wa 'ya'ya. Abin da aka dasa yana ƙera furotin mai launi ne a jikin kifin, ba shi ke sa shi masifa ba. Hasali ma, da masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka haɗa jajayen daniyo da na asali, mazan asalin ne suka riƙa korar jajayen daga wurin mata. Ka ga kenan ƙyalli ba ya ƙara wa kifi zafin kai.

Inda mai sayarwar ya yi kuskure shi ne cewar da ya yi dangi ɗaya ne. Kama da wane ba ta wane. GloFish sunan haja ne, a ƙarƙashinsa akwai jinsuna daban-daban da suka fito daga nahiyoyi daban-daban, kowanne da ɗabi'ar kakanninsa. Bab ɗinka kifin tsibiran Sumatra da Borneo ne. Tetira daga kogunan Kudancin Amurka take, yankin Faragwai da Birazil da Bolibiya. Shak da beta daga yankin Tailan suke. Daniyo kuwa, wanda ba ka da shi, ɗan Indiya da Bangaladash ne. Da a ce ka gan su da launinsu na asali, ba za ka taɓa ɗauka 'yan gida ɗaya ba ne. Saboda haka raba su launi-launi ba zai amfana komai ba: koren bab da jan bab garke ɗaya suke shiga, amma koren bab da koriyar tetira baƙin juna ne.

Bari in daɗe kaɗan a kan bab, domin shi ne ya fi rikita masu kiwo. Za ka gane shi da baƙaƙen ratsi huɗu da suka sauko daga gadon baya zuwa ciki, kuma girmansa yana kai santimita 7. Kifin garke ne, kuma a cikin garken kullum ana gwajin ƙarfi don a san babba da ƙarami. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san wannan: akwai mai saran kowa, akwai wadda kowa ke sara. Idan bab sun kai takwas ko goma, rigimar tana rarrabuwa. Babban ya kori wannan na daƙiƙa biyu, wani ya gifta ya ɗauke masa hankali, ya bi wancan, haka dai har kowa ya samu hutu. Amma idan uku ne kacal, babu wanda zai raba masa hankali. Ya gaji da biyun nan, sai ya juya kan duk abin da ke kaɗawa a hankali cikin ruwa. Jelar beta kuwa doguwa ce, tana lilo, mai ita ba shi da gudu. A idon bab wannan gayyata ce. Shi ya sa maganin bab mai masifa, abin mamaki, shi ne a ƙaro masa 'yan uwansa. Sai dai ka riƙe wannan: yawan garke yana rage cizo, ba ya kawar da shi. Ko bab ashirin gare ka, kada ka sa musu beta, ko gofi mai faffaɗar jela, ko kifin enjel, ko gurami mai dogayen zarurruka a ƙirji. Hali zanen dutse ne.

Shak ɗin nan, wanda ba shi da wata alaƙa da shak na teku sai kamannin ƙayar bayansa, matsalarsa daban ce. Shi ba garke yake so ba, fili yake so. Yana ƙarami, santimita 4 ko 5, yakan yi laƙwas har mutum ya ɗauka salihi ne. Yana girma sai ya zaɓi kogo ko gindin itace a ƙasan tanki ya ce nan nasa ne, kuma abin da ya fi tsana shi ne mai kama da shi. Zai kai santimita 15. Biyu a tankin santimita 60 ba su da inda za su kauce wa juna, kuma wanda ya ɓuya bayan matatar ruwa ya riga ya sha kaye. Ba lallai ka ga rauni a jikinsa ba. Tsoro da yunwa ne za su raunana shi har wata cuta ta samu ƙofa, galibi cutar fararen ɗigo. Wannan mutuwa ce ta sannu a hankali, kuma tana ba ni tausayi ƙwarai domin mai tankin yakan ɗauka kifin kunya ce da shi. Ƙa'idar ita ce shak ɗaya a tanki ɗaya, tankin kuma ya kai santimita 120 a tsawo, kimanin lita 200.

Tetira ta fi su sauƙin kai, amma ita ma 'yar garke ce, kuma idan biyu ce kawai takan tsorata ta koma tsinken jelar wasu. Ba mamaki tana da hannu a abin da ya samu betan. Shida ne mafi ƙarancin adadi.

To yanzu me za ka yi da tankin da ke hannunka? Ba zan ɓoye maka ba, lita 60 ba za ta ɗauki wannan taron ba ko da me ka yi. Da ni ne, sai in mayar wa mai shagon bab uku da shak biyu, in karɓi tetira huɗu a madadinsu, su zama shida, launin da ka ga dama. Wannan ya cika tankin, kada ka ƙara komai sai ko dodon koɗin ruwa. In kuma daniyo ka fi so, shida zuwa takwas za su yi, duk da cewa su 'yan tsere ne, sun fi sakewa a tanki mai tsawon santimita 75 ko fiye. Idan zuciyarka na kan bab, to sai ka nemi tankin santimita 90, lita 110 ko sama, ka zuba takwas zuwa goma. Wanda kuma ya samu halin lita 200, haɗin da na fi yarda da shi shi ne shak ɗaya a ƙasa, garken bab a tsakiya, garken daniyo a sama. Kowa da hawansa, kuma dukansu suna da saurin da za su tsere wa juna. A irin wannan haɗin shak ake sawa a ƙarshe, don kada ya riga kowa mallake ƙasan.

Game da sauran abokan zama: tetira da daniyo suna zama lafiya da filati, da rasbora, da ƙananan kifayen ƙasa da ake kira koridoras idan sun kai shida kuma ƙasan yashi ne mai laushi. Amma koridoras ba ya haɗuwa da shak, domin fili ɗaya suke nema kuma shi ba ya ramawa. Kifin gwal ma ka bar shi, ruwa mai sanyi yake so, ga yawan kashi, ga jela mai jan hankalin masu cizo. Na san kuma wasu kan yi sha'awar jefa ɗan tarwaɗa ko ɗan karfasa don suna ƙanana. Kada ka soma. Cikin 'yan watanni tarwaɗar za ta haɗiye duk wanda ya shiga bakinta, karfasa kuma ta tone ƙasa ta kori kowa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Yadda ake shirya tankin waɗannan kifaye don ado, wato baƙar tsakuwa, shuɗiyar fitila, fili fetal babu komai don launi ya fito, shi kansa yana hura wutar faɗa. Kifi yana bin abin da idonsa ke gani ne. Idan wanda ake kora ya kewaya bayan ganye ko dutse ya ɓace, mai korar yakan manta da shi nan take. A tankin da babu maɓoya, kora ba ta da ƙarshe. Ka sa tsirrai masu tsayi, na gaske ko na roba mai laushi, a gefuna da baya, da itace ko dutse a tsakiya yadda daga wannan kusurwa ba a hango waccan. Fitilar kuma awa takwas zuwa goma ta isa. Waɗannan kifaye ba sa haskawa da kansu cikin duhu, hasken fitila suke sha su mayar, shi ya sa mutane ke barin shuɗiyar a kunne har safe. Kifi ba shi da fatar ido, duhu ne barcinsa, kuma wanda bai huta ba ya fi saurin harzuƙa.

Ka duba ruwan ma. Tankin makonni uku sabo ne, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cinye gubar amoniya daga kashin kifi sukan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin su kafu a matatar ruwa. Kifi takwas a lita 60 a wannan lokaci na nufin akwai yiwuwar gubar ta taru, tana ƙona musu wurin numfashi, tana ƙara musu ƙunci. Ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu ko uku har tankin ya zauna, daga nan mako-mako. In ruwan famfo ne ka sa maganin kashe kulorin, kuma kada ka wanke soson matatar da ruwan famfon, ka ɗauraye shi a ruwan da ka kwashe daga tankin. Sababbin tetirar ma kada ka zuba su rana ɗaya, biyu yanzu, biyu bayan mako guda, da yamma bayan ka kashe fitila, kuma ka ɗan sauya wa kayan cikin wuri don tsofaffin su rasa iyakokin da suka shata. Ɗumin da ya dace da su digiri 24 zuwa 26 ne. Lokacin bazara idan ruwa ya haura 30, iskar da ke cikinsa tana raguwa alhali jikin kifin yana ƙara buƙatarta, sai ka ga sun taru a sama suna haki suna ture juna. Ka nisanta tankin daga taga, kuma in wuta na yawan ɗaukewa a unguwarku, ƙaramin injin iska mai batir ya fi kowane kayan ado muhimmanci.

Ba kowace kora ce faɗa ba, kada ka firgita da duk motsin da ka gani. Daniyo suna tseren saduwa da sassafe, mazan bab kuma sukan haɗa baki su yi juyi na ɗan lokaci su rabu. Ka zauna minti goma bayan ka ba su abinci, ka lura da abu uku: shin kifi ɗaya ne kullum ake bi, shin akwai wanda bai fito ya ci ba, shin akwai wanda ya maƙale fuka-fukansa a jiki yana rakuɓe a kusurwar sama. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan kwana biyu a jere, to raba su ya zama dole.

Waɗanda za ka rabu da su kuma, don Allah kada ka zuba su a kududdufi ko rafi ko kwata. A Birazil an tarar da daniyo masu ƙyalli da suka tsere daga gonakin kifi suna hayayyafa a ƙoramun jihar Minas Gerais, an kuma wallafa rahoton a 2022. Ka mayar wa shago, ko ka ba wanda ke da babban tanki, ka kuma gaya masa shak ɗin da ya daina cin abinci yana buƙatar kwanaki shi kaɗai kafin a haɗa shi da kowa.