Gas ɗin Kolmani ko sola?

Malam, ka tambaya ko ƙauyenku na Alkaleri ya jira gas ɗin Kolmani ko ku saka sola. An ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, filin mai da gas da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwamba 2022, amma sai an tace gas, an shimfiɗa bututu, an gina tasha kafin ya zama wuta. Aikin shekaru ne.

Ku saka sola. Faifan kilowat ɗaya yana ba da yunit 4 zuwa 5 a rana. Gida 100, kowanne yunit ɗaya a rana, kilowat 25 ya isa. Batir ne ke kashe aikin: mai ruwa yana mutuwa da wuri in ana zuƙe fiye da rabinsa, ga zafin Afrilu. Ku sayi na litiyam, ku riƙa tara kuɗin canza batir duk wata. Da hunturu, a wanke ƙurar faifan duk mako.