Allurar ƙwayoyin halitta na asali za ta warkar da ciwon bayan sojan ruwa?

'Yar'uwa, kin ce mijinki sojan ruwa ne, ciwon baya da gajiyar aiki sun hana shi sakat, har an tallata muku wannan allura ta ƙwayoyin halitta na asali (stem cells), wato ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki. Don Allah kada ku yi gaggawar biya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ba ta amince da ita don ciwon baya ko gwiwa ba. Inda ƙwayoyin suka tabbatar da amfaninsu shi ne dashen ɓargo, ga masu sikila da sankarar jini.

Dukan igiyar ruwa a ƙaramin jirgi mai gudu yana jijjiga ƙashin baya, gadin dare kuma ya wargaza barci. Ita gajiyar, tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta ta da yanayin aiki, allura ba ta taɓa ta. Gara mijinki ya ga likitan ƙashi da mai gashin ƙashi, ya nemi a sassauta masa gadi.