Kun Tambaya, Mun Amsa: Gida Tsaf-tsaf, Titi Kuwa Juji a Indiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina karatun haɗa magunguna a wata jami'a kusa da Delhi. Tun zuwana akwai abin da ya ɗaure mini kai. Gidajen ƙawayena Indiyawa tsaf suke, takalmi ma a bakin ƙofa ake barinsa. Amma da an fita titi, wanda ya hana a taka masa ɗaki da takalmi shi ne zai jefar da leda ta tagar mota, wani kuma ya tofa jan yawun pan, wani ganye da suke taunawa, a bango, ga allunan gwamnati na kiran a yi tsafta ko'ina. Yanzu 'yan ajinmu sun kafa ƙungiyar share unguwa duk ranar Lahadi, sun ce in zo. Malam, abin yana da amfani kuwa, ko wahalar banza ce? Kuma ni da nake baƙuwa, ya dace in shiga?

Ɗalibarka, daga Indiya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Ki shiga, amma da idonki a buɗe.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da kika gani a bakin ƙofa tsohon al'amari ne. Shekaru aru-aru, shara da kwasar bahaya a Indiya sana'ar gado ce da aka ɗora wa wasu mutane tun daga haihuwa, waɗanda yau ake kira 'yan Dalit. Yaron da ya buɗe ido ya tarar akwai wanda aka ware don ya kwashe abin da shi ya zubar, zai girma yana ganin tsaftar ɗakinsa mutuncinsa ce, ta titi kuwa aikin wani ne da bai kai shi daraja ba. An haramta kwasar bahaya da hannu a 1993, aka sake tsaurara dokar a 2013, amma har yau ana samun ma'aikatan da ke shiga ramin kwata ba kayan kariya su mutu a ciki. Bezwada Wilson, wanda aka haifa a irin wannan gida a jihar Karnataka, ya shafe rayuwarsa yana yaƙar abin, har aka ba shi lambar yabo ta Magsaysay a 2016. Mahatma Gandhi ya gane wannan tun da wuri, shi ya sa yake wanke masai da kansa, yake kuma sa mabiyansa su yi. Saboda haka idan 'ya'yan masu hali da ke karatun jami'a suka sunkuya suka ɗauki tsintsiya a bainar jama'a, ni a wurina wannan sunkuyawar ta fi buhunan sharar da za su tara muhimmanci.

A takarda kam Indiya ba ta rasa komai ba. Tun 1976 aka shigar da sashe na 51A cikin kundin tsarin mulki, wanda ya ce wajibi ne a kan kowane ɗan ƙasa ya kare dazuzzuka da tafkuna da koguna da namun daji. Ranar 2 ga Oktoban 2014, ranar haihuwar Gandhi, Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da shirin tsaftace Indiya mai suna Swachh Bharat, kuma gwamnati ta ce ta gina makewayi fiye da miliyan 100 kafin Oktoban 2019. Aiki ne babba, ba zan raina shi ba, musamman ga matan ƙauye da a da sai duhu ya yi suke iya fita biyan buƙata. Sai dai gina makewayi ya fi sauya ɗabi'a sauƙi, kuma makewayin da babu ruwa kusa da shi ba ya daɗewa ana amfani da shi.

Kada kuma ki ɗora wa talaka laifin duka. Ki lura da jirgin ƙasa na cikin birnin Delhi, wanda ya fara aiki a 2002. Mutanen da ke tofa yawu a titi su ne dai ke shiga cikinsa, amma a can suna haɗiye abinsu, domin wurin a share yake, akwai mai sa ido, akwai tara. Sannan in kin samu hali ki bi ta Ghazipur a gabashin birnin. Da na fara hango wurin daga mota na ɗauka dutse ne, sai da na ga shirwa na shawagi a kansa, wari kuma ya cika motar. Juji ne da aka buɗe a 1984, ya cika tun 2002, aka ci gaba da jibga masa shara har tsayinsa ya kai kimanin mita 65. A watan Satumban 2017 wani ɓangarensa ya rufto ya kashe mutum biyu. Matar da ta ɓata lokaci ta ware ɓawon kayan miya daban, roba daban, sannan ta ga an haɗe su a mota guda an nufi Ghazipur, da wane baki za a ce mata gobe ta sake warewa?

Wannan ne ya sa labarin Indore, a jihar Madhya Pradesh, yake burge ni. Birnin ya zo na ɗaya a gasar tsaftar birane ta ƙasa sau bakwai a jere, daga 2017 zuwa 2023, alhali kafin nan ba shi da wani suna a tsafta. Hukumar birnin ta kwashe manyan kwandunan shara na bakin titi, waɗanda kowa ke juye tarkace a gefensu. A madadinsu sai motoci masu ɗakuna daban-daban suke bin ƙofa-ƙofa kowace safiya, suna kaɗa waƙa don a san sun iso. Wanda ya fito da shara a cakuɗe sai a ce ya koma ya ware, wanda ya zubar a titi a ci tararsa. Kasuwar Sarafa, inda ake cinikin abinci har tsakar dare, kafin gari ya waye an share ta tas. A 2022 aka buɗe masana'antar da ke mayar da ruɓaɓɓiyar shara iskar gas, motocin safa na birnin suna aiki da ita. Mutanen Indore sun sauya ne bayan sun tabbata motar za ta zo gobe kamar yadda ta zo yau, har ta kai su da kansu suke tsawata wa baƙon da ya yar da takarda. Birnin Surat ma haka ya yi bayan annobar da ta auka masa a 1994, lokacin da kwamishina S.R. Rao ya tilasta wa manyan jami'ai barin ofis su zaga unguwanni kowace safiya.

Game da sharar Lahadi, ga misali. A Oktoban 2015 wani lauya a Mumbai mai suna Afroz Shah ya fara tsintar roba a gaɓar tekun Versova tare da maƙwabcinsa, dattijo ɗan shekara 84. Duk ƙarshen mako suna nan, jama'a suka riƙa ƙaruwa, hukumar birni ta kawo motoci. A Maris na 2018 aka ga 'ya'yan kunkurun teku suna ƙyanƙyashewa a wurin bayan shekaru da yawa ba a gan su ba. Naci ne ya yi wannan aikin.

Don haka ki ba 'yan ajinku shawara su zaɓi lungu guda su riƙe shi, maimakon yau nan gobe can ana ɗaukar hoto. Su fara gaisawa da masu sharar hukuma na wannan layin, su san sunayensu, su tambaye su daga ina sharar ke fitowa, domin babu wanda ya fi su sani. Su zauna da mai shayi da mai kayan miya a kan maganar leda. Tun 1 ga Yulin 2022 aka hana wasu kayan roba na amfani sau ɗaya, irin su cokali da faranti da tsinken shan lemo, amma ɗan kasuwa ba zai bari ba sai an nuna masa abin da zai maye gurbinsu. Kwalabe da takardu a sayar wa masu jari-bola, waɗanda a can ake kira kabadiwala. Idan motar shara ta yi fashi, akwai manhajar Swachhata ta gwamnati da ake tura hoto da koke.

Ke kuma 'yata, baƙuwa ce, ki bar wa 'yan ƙasa wa'azi, ki yi aikinki da hannu. Kada ki ɗauki bidiyon ƙazantar unguwar mutane ki watsa, zai yi musu ciwo. Ki nisanci duk abin da ya koma zanga-zanga, domin an taɓa sallamar ɗalibai baƙi daga ƙasar a kan haka. Ki sa safar hannu mai kauri saboda allura da fasassun kwalabe. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba kuma, lokacin da manoman jihohin Punjab da Haryana ke ƙone karan shinkafa hayaƙi ya lulluɓe Delhi, kada ki fita shara ba takunkumi mai kyau, ranar da iska ta ɓaci sosai ma ku ɗage aikin zuwa wani makon.