Yadda mai shan taba yake kallon kansa

Malam, ka tambaya ko masu shan sigari sun san suna cutar da na kusa da su, ko kuwa ba su damu ba ne. A iya zamana da su a majalisun ƙauyukanmu na wajen Ringim, mafi yawansu ba sa ɗaukar kansu a matsayin masu zalunci, domin kowa zai ce maka da kuɗinsa ya saya, kuma ƙirjinsa ne zai ji jiki. Wannan tunanin ne yake damuna, saboda Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da mutum miliyan 1 da ba sa shan taba suna mutuwa duk shekara sakamakon shaƙar hayaƙin wasu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inda kunyarsu take tsayawa. Magidanci zai ɓoye karan sigari a tafin hannu idan ya hango mahaifinsa ko limamin gari, amma lokacin hunturu zai kunna shi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga, matarsa da jaririnta suna ciki, alhali hayaƙin yana tayar wa yara da asma da ciwon huhu. Mutuncinsa yake karewa, ya manta da haƙƙin iyalinsa.

Duk da haka, akwai waɗanda abin yake ci musu rai ƙwarai, sai dai sinadarin nikotin da ke cikin taba ya riga ya kama su. Dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, har ma da gidan da ake zaune da yaro ɗan ƙasa da shekara 18, sai dai a ɗakin da mai shan yake zaune shi kaɗai.