Amsa: Wa ya zana ginin da aka rantsar da Mandela?

Malam, ka tambaya wa ya zana Union Buildings, fadar gwamnatin Afirka ta Kudu da ke Pretoria, kuma ko ya kamata a rushe shi tunda aikin ƴan mulkin mallaka ne. Wani Bature ne ɗan Ingila, Herbert Baker, an haife shi 1862 ya mutu 1946. Ya iso Kef Tawun a 1892, Cecil Rhodes, firaministan yankin Kef a lokacin, shi ne ya fara ɗaga shi da ya ba shi gyaran gidansa Groote Schuur, daga nan kasuwarsa ta buɗe.

An yi ginin daga 1910 zuwa 1913 a kan tudu, da dutse mai ruwan ƙasa, ɓangare biyu, ɗaya alamar Turawan Ingila ɗaya ta Buwa (Turawan Afirka ta Kudu masu asalin Holan), baƙar fata ko a lissafi babu su, abin da ciwo wallahi. Amma a harabar nan aka rantsar da Mandela a 1994, yanzu ma ga mutum-mutuminsa mai tsawon mita 9 a lambun, hannuwa a buɗe. Ni dai ina ganin a bar shi.

Baker ne kuma ya zana tsohuwar majalisar Indiya mai da'ira a Delhi, wadda aka buɗe 1927.